Jarin ɗan wasan foka da batun hawa manyan gasanni: amsa ga wani matashi a Barnawa

Wani matashi mai gyaran waya a Barnawa ya aiko mini da tambaya, ga kuma taƙaitaccen abin da ya ce: “Malam, wata biyar ke nan ina buga gasannin karta na foka a intanet, waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce dala ɗaya zuwa uku da 'yan kai ba. Duk abin da na zuba daga aljihuna dala 200 ne, kuma na buga gasa kusan 400. Makon jiya na zo na biyu cikin mutum kusan 2,000, na samu dala 640, yanzu ina da dala 780 a asusuna. Ina ganin lokaci ya yi da zan koma gasannin dala 22. An ce mini ka taɓa harkar, kuma ƙididdiga kake koyarwa, shi ya sa nake neman shawararka, amma don Allah ba wa'azi nake nema ba.”

Ƙanena, amsata ita ce a'a, lokaci bai yi ba, kuma bai ma kusa ba. Sai dai ba na so ka karɓi wannan amsa don ni na faɗa, ina so ka ga lissafin da idonka, domin wanda ya fahimci dalili ya fi wanda aka tsawatar wa daɗewa a kan hanya.

Ka ce ba wa'azi kake nema ba, kuma ba zan yi maka shi ba, amma zan ci amanarka idan na yi shiru a kan abu ɗaya. Foka ta kuɗi caca ce, komai yawan basirar da ke cikinta, hukuncin caca kuwa a Musulunci a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma abokaina Kirista na Sabon Tasha da Kakuri ma ban ji ɗayansu yana yaba ta ba. Ni kaina na shekara shida a cikinta kafin na bari, kuma abu biyu suka fitar da ni, addini da lissafi. Na addinin ka san inda za ka tambaya. Lissafin shi ne fannina, don haka a kansa zan tsaya.

Abu na farko da ya kamata ka gyara shi ne yadda kake kallon dala 780 ɗin nan. Kai kana ganin kuɗi ne, alhali ɗan wasan da ya san abin da yake yi ba ya ƙirga jarinsa da dala ko naira, yana ƙirga shi ne da adadin gasannin da zai iya shiga kafin ya ƙare. A gasar dala 3.30, jarinka ya isa shiga 236. A ta dala 5.50, shiga 141. A ta dala 11, shiga 70. A gasar dala 22 da kake hange kuwa, shiga 35 kacal kake da shi. Ka riƙe wannan adadi na 35 a ranka, domin duk sauran bayanina a kansa zai koma.

Me ya sa 35 ya yi kaɗan? Saboda yadda ake raba kuɗin gasa. A yawancin gasannin intanet, kusan kashi 15 cikin 100 na mahalarta ne ake biya, sauran su tashi hannu rabbana. Waɗanda suka shiga layin biya da ƙyar kuma abin da suke samu yawanci bai wuce ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na kuɗin shigarsu ba, kuɗin gaske yana teburin ƙarshe, musamman wajen mutum ukun farko. Idan damar shigarka layin biya kashi 15 ce, yiwuwar ka buga gasa goma a jere ba ka samu ko sisi ba ta kai kusan ɗaya cikin biyar, yiwuwar ka buga ashirin a jere haka kuwa kusan kashi 4 ce cikin 100. Mutumin da ke buga ɗaruruwan gasanni ba zai ce wataƙila hakan ta same shi ba, lallai za ta same shi, kuma ba sau ɗaya ba. Wannan ma ba shi ne mafi muni ba, domin kana iya shiga layin biya akai-akai amma jarinka yana ta zagwanyewa, tunda ƙananan kyaututtukan ba sa maye gurbin abin da ka kashe. Abin da ke ceton ɗan gasa shi ne babban kamu, shi kuwa yana iya ɗaukar watanni bai zo ba. A gasa mai mutum 1,000, matsakaicin ɗan wasa zai zo na ɗaya sau ɗaya cikin gasa dubu. Ko da ka ninka matsakaicin ɗan wasa iyawa, sau ɗaya ne cikin 500, kuma duk da haka akwai yiwuwar kusan kashi 37 cikin 100 ka buga gasa 500 cur ba ka ɗauki ko ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ke faruwa a kan tebur. A foka irin ta Texas, wadda ita ce aka fi bugawa, ana fara raba wa kowa kati biyu ne, kuma babu hannun farko da ya fi kati biyu masu harafin A. Idan ka zuba duk abin da ke gabanka da su, abokin karawarka yana riƙe da kati biyu masu harafin K, za ka ci kusan sau 82 cikin 100. Adadi ne mai daɗin ji. To amma kafin mutum ya ratsa mutum dubu ya kai teburin ƙarshe, sai ya tsallake irin wannan karo sau da yawa, kuma idan sau biyar ka jefa rayuwarka a gasar da wannan rinjaye mafi girma, damar ka tsallake duka biyar ɗin kashi 37 ce kawai. A zahiri kuwa yawancin karon da za ka yi ba su kai haka kyau ba, da yawansu kusan raba daidai ne. Wannan kai-kawon sa'a shi ne dalilin da ya sa ƙwararru suke cewa mai buga gasa ya riƙe aƙalla kuɗin shiga 100, idan gasannin masu ɗaruruwan mutane ne, ya riƙe 200 zuwa 300 ko fiye idan na dubbai ne. Mai buga tebur na kuɗi hannu, wato wanda ba gasa ba, inda mutum yake zama ya tashi da kuɗinsa lokacin da ya so, yana iya wadatuwa da 30 ko 40, amma wannan wani wasa ne dabam, kada ka ari ma'auninsa. Ka dubi fataken tumatir da ke lodi zuwa Legas. Babu mai hankali a cikinsu da zai zuba uwar kuɗinsa duka a mota ɗaya, ba don bai iya sana'ar ba, sai don ya san mota tana lalacewa a hanya, kasuwa tana faɗuwa kafin a sauke kaya, kuma wanda ya daɗe a harkar shi ne wanda asara uku a jere ba ta tashe shi ba.

Yanzu mu buɗe littafinka. Idan muka ɗauki matsakaicin kuɗin shigarka dala 2.20, gasa 400 sun ci maka dala 880. Ribarka dala 580 ce, wato 780 a cire 200 da ka zuba. A takarda, ribar kashi 66 cikin 100 ke nan, adadin da ko manyan ƙwararru ba sa riƙewa na dogon lokaci. To cire dare ɗaya, daren dala 640, sai ka ga a sauran gasannin asarar kusan dala 60 ka yi, kusan kashi 7 cikin 100. Ba ina cewa wannan nasarar ba taka ba ce, kuma ba adalci ba ne a cire wa ɗan gasa babban kamunsa a ce bai iya ba, tunda daga irinsa ribar kowa take fitowa. Abin da nake nuna maka shi ne, dare ɗaya ne ya raba kashi 66 na riba da kashi 7 na asara, kuma duk lissafin da dare ɗaya zai iya juya shi haka bai isa ya zama shaida ba. Gasa 400 ba su gaya mana ko kai mai ci ne ko mai faɗuwa ba. A gasannin manyan taro, ko gasa 1,000 farkon haske ne kawai, sai an kai dubbai kafin a fara magana da ƙarfin gwiwa.

Nan ne kuma nake so ka ji abin da masu tallar wasan ba sa so a tsaya a kai. Tattalin jari ba ya mayar da mai faɗuwa mai ci. Amfaninsa ɗaya ne, ya hana wanda da ma yake da rinjaye karyewa kafin rinjayen nasa ya bayyana. Wanda ba shi da rinjaye kuwa, tattali jinkirta masa ƙarewar kuɗi kawai zai yi. Dalili shi ne la'adar mai shafi. Gasar da aka rubuta 10+1, dala goma ce take shiga tukunyar kyauta, ɗaya ta tafi aljihun kamfani, don haka ɗan wasan da iyawarsa take daidai da ta sauran yana asarar kusan kashi 9 cikin 100 a duk shiga, ya sani ko bai sani ba. Kuɗin da ake rabawa kullum bai kai wanda aka tara ba, saboda haka dole jimillar asarar 'yan wasa ta fi jimillar ribarsu. Kashi 7 ɗinka na ɗazu yana kusa da wannan adadi, kuma wannan ya isa ya sa ka dakata. A 1956 wani masanin lissafi mai suna John Kelly, da ke aiki a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, ya fitar da ƙa'idar da har yau masu zuba jari da masu caca suke amfani da ita wajen auna kason da ya dace mutum ya saka. Abin da take cewa a taƙaice shi ne, kason yana ƙaruwa da girman rinjayenka, yana raguwa da girman kai-kawon sa'a, idan kuwa ba ka da rinjaye, kason da ya dace sifili ne.

Idan duk da haka za ka ci gaba, ga tsarin da zan ba ɗalibina. Hawa mataki yana da sharaɗi biyu, kuma dole su haɗu. Na farko kuɗi, wato ka mallaki shiga 200 na matakin da kake nufi, dala 1,100 kafin ka zauna a gasannin dala 5.50, dala 2,200 kafin na dala 11, dala 4,400 kafin na dala 22. Na biyu shaida, wato rubutaccen tarihin gasanni masu yawa a matakin da kake, wanda ke nuna riba ba tare da ya rataya a kan dare ɗaya ba. Mutane suna cika na farko da sa'a, su ɗauka sun cika na biyu, kuma a nan ne yawancin jari yake mutuwa. Ka kuma sani cewa tsallake daga dala 3 zuwa 22 ba ninka kuɗi bakwai kawai ba ne, canza abokan karawa ne. A ƙasa akwai masu shiga don nishaɗi, masu zuba komai da hannu maras kyau. A dala 22 za ka ƙara haɗuwa da waɗanda wannan ne abincinsu, mutane daga Brazil da gabashin Turai da ke buɗe tebur goma a lokaci ɗaya, suna nazarin hannayensu da manhajojin kwamfuta bayan an tashi. Rinjayen da kake da shi a ƙasa, idan ma akwai, yana iya ragewa rabi ko ya ɓace, kuma idan rinjaye ya ragu, jarin da ake buƙata ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba.

Da dala 780, wurinka shi ne gasannin dala 2.20 zuwa 3.30, tare da tsarma na dala 5.50 jefi-jefi, musamman masu mutum 200 ko 300, domin ƙaramin taro yana rage kai-kawon sa'a ƙwarai. Abin da za ka sa wa ido shi ne matsakaicin kuɗin shigarka a mako, kada ya wuce dala huɗu. Idan ranka ya matsa sai ka ɗanɗana babbar gasa, hanyar ita ce gasar share fage, inda ake shiga da dala biyu ko uku a ci tikitin ta dala 22, amma ka rubuta kuɗin share fagen a matsayin kashewa, kada ka yaudari kanka cewa tikitin kyauta ne. Haka nan gasannin da ake yarda mutum ya sake shiga bayan an fitar da shi, gasar dala 3.30 da ka shiga sau uku ta zama ta dala 9.90, kuma haka za ka rubuta ta. Idan jarinka ya kai gaɓar hawa, kada ka tare a sabon matakin gaba ɗaya. Ka ware shiga goma na gwaji, idan sun ƙare ka koma inda ka fito ba tare da gardama da kanka ba.

Komawa ƙasa ita ce mafi wuya a duk wannan harka, kuma a kanta na ci ƙasa. A shekarata ta uku na samu wani babban kamu irin naka, na ninka matakina sau biyar a mako guda, cikin wata biyu rabin jarin ya tafi. Lissafi ya ce in sauka, girman kai ya ce kamu ɗaya zai mayar da komai, na bi girman kai, har wani dare na tarar da kaina ina taɓa kuɗin da na ware wa haya. Ba rashin sanin ƙa'ida ya kai ni ba, ina koyar da ita da rana. Abin da ya kai ni shi ne na bar yanke shawarar sauka zuwa lokacin da zuciyata take tafasa. Saboda haka ka rubuta iyakarka tun yau da hankalinka yake kwance, misali idan jari ya sauka ƙasa da dala 500 ka koma gasannin dala 2.20 zuwa ƙasa, idan ya sauka ƙasa da 250 ka koma na dala ɗaya, idan ya ƙare ka tsaya, babu ƙari daga kuɗin shago. In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi, kuma ba a jiran sai an ji daɗin sabon kiɗan.

Akwai kuma harajin da ɗan Kaduna yake biya wanda ɗan Jamus ba ya biya, kuma ba a rubuta shi a littattafan Turawa. Idan aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke, gasa ba ta jiranka, kuɗin dole da ake cira a kowane zagaye zai ci gaba da cin abin da ke gabanka har ka dawo ko ka ƙare. Na taɓa rasa matsayi mai kyau saura mutum ashirin a tashi saboda hadari ya taso sabis ya ɗauke na minti arba'in. Manyan gasanni suna farawa da yamma ne su kai tsakar dare ko asuba, wato lokacin da ake yanke shawarwari mafi tsada shi ne lokacin da idonka ya fi nauyi, ga shago yana jiranka da safe. Kuɗin data da man janareto su ma daga jari suke fita. Sannan jarinka da dala yake, rayuwarka da naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya karye ya zo sake zuba dala 200 zai tarar ba dala 200 ɗin da ya sani ba ce. Duk waɗannan dalilai ne da ke sa ma'auninka ya fi na littafi tsauri, shi ya sa na ce 200 ban ce 100 ba.

Kada kuma ka ɗauki asusun shafin wasa a matsayin banki. Ranar 15 ga Afrilu, 2011, hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan foka uku a ƙasar, sai aka gano ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, ba shi da kuɗin da zai biya 'yan wasa abin da ke rubuce a asusunsu, mutane suka yi ta jira, wasu shekaru, sai bayan wani babban shafin foka mai suna PokerStars ya saye shi a 2012 aka fara samun mafita. Waɗannan mutane ne da ke da kotuna da lauyoyi a kusa. A Nijeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2024 cewa kula da caca hurumin jihohi ne, ba na gwamnatin tarayya ba, kuma idan wani shafi da ke rajista a wani tsibiri ya riƙe maka kuɗi, babu ofishin da za ka shiga a Kaduna ya karɓo maka.

Na san labarin da ke kaɗa zuciyar kowane sabon ɗan wasa, na Chris Moneymaker, akawun da ya ci tikiti a gasar share fage ta intanet da ƙasa da dala 100, ya je babbar gasar foka ta duniya a birnin Las Vegas na Amurka a 2003 ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Gaskiya ne ya faru. Amma ka haɗa shi da labarin Stu Ungar, wanda ya ci wannan babbar gasa ta duniya sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, wanda masana da yawa suke ganin ba a yi mai basirarsa a karta ba, ya kuma rasu a 1998 a ɗakin wani ƙaramin masauki ba shi da komai, bayan caca da miyagun ƙwayoyi sun cinye miliyoyin da ya tara. Iyawa ba ta tsare masa jari ba.

Bari mu auna abin da naira, mu ɗauki dala a 1,500 don sauƙin lissafi. Shiga ɗaya na dala 22 naira 33,000 ne, kusan rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Dala 780 ɗinka naira miliyan ɗaya da dubu ɗari da saba'in ce, albashin fiye da wata goma sha shida a wannan ma'auni. A ɗaya ɓangaren, ɗan wasan da yake da tabbatacciyar ribar kashi 20 cikin 100 a gasannin dala 3.30, wanda kuma ba ƙaramin gwani ba ne, yana samun kusan naira dubu ɗaya a kowace gasa. Idan ya buga goma a dare, cikin awa shida ko bakwai, naira dubu goma ke nan kafin a cire data da mai, kuma ba kullum za ta zo ba, a dunƙule take zuwa bayan dogon fari. Kai ka san abin da awa bakwai suke kawo maka a kan teburin gyaran waya, ka kuma san abin da rabin wannan miliyan zai yi idan ya zama kayan gyara da sabuwar na'ura a shagonka. Wannan lissafin ne ya ƙarasa fitar da ni, domin na tarar ko a shekarun da na ci riba, darasin da nake ba ɗalibai da yamma ya fi biyana a kowace awa.

Akwai alamomin da idan ka ga ɗaya daga cikinsu, maganar mataki ta ƙare, maganar bari ce ta zo: ka fara ɓoye wa iyali abin da ka kashe, ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin adashe ko na kwastoma don ka shiga gasa, ko ka buɗe tebur don kawai ka rama asarar jiya. Manyan shafuka suna da wurin da mutum zai ƙayyade abin da zai iya zubawa, ko ya rufe asusunsa na wani lokaci, kuma ƙayyadewar da ka yi da rana ita ce za ta tsare ka da ƙarfe biyun dare.

Abin da nake so ka yi a wannan makon shi ne ka cire dala 200 da ka zuba tun farko, ka bi ta har ka ga ta shiga asusunka na banki, ka rubuta nawa aka zaftare a hanya da kwana nawa ta ɗauka. Wannan zai rage jarinka zuwa 580, wato shiga 175 a dala 3.30, sai ka karkata zuwa gasannin dala 2.20. Daga nan ka sayi littafi mai layi, duk gasar da ka shiga ka rubuta rana, kuɗin shiga har da na sake shiga, yawan mahalarta, matsayin da ka ƙare, abin da ka samu, da awannin da ka ɓata. Idan shafukan sun kai gasa dubu, ka kawo mini littafin mu zauna mu duba shi tare, ka kuma zo da lissafin cinikin shagonka na waɗannan watanni, domin gefe da gefe za mu ajiye su.